Jirgin Roba a Ɗakin Takaba

Fatakwal,
21 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙarin haƙuri? Allah Ya ji ƙan Yaya Ya'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mu juriyar rashinsa. Na iso Fatakwal lafiya bayan addu'ar bakwai, sai ciwon baya da hanya ta bar mini. Ruƙayyatu da yara suna ƙara miki ta'aziyya.

Bayan haka, Ɗanlarai direba ya kawo mini takardar babbar yayarmu Hajja, kuma tun da na karanta ta raina yake a ɓace. Ta ce mata suna tasowa gaisuwa tun daga Ƙofar Ran har Zungur, su same ki a zaune da jirgin robar nan na marigayi a gabanki, kina ta manne-manne. Ta ce matar limamin unguwa ta miƙo miki hannu, kika ce ta dakata gam ya bushe. Ta ce har wuƙar da ta ba ki ki riƙe saboda takaba, yadda tsofaffi suke yi, da ita kike kankare roba.

Yaya, wannan wane irin abu ne? Yau wata guda kacal da rasuwar mijinki. Da ransa ma mun sha kunyar abin nan. Dattijo da furfurarsa, wanda hukuma ta tura har Japan koyon aikin injin ruwa, ya rasa tsarabar da zai dawo da ita sai kwalin abin wasa, da ya yi ritaya kuma ya zauna yana liƙe-liƙe kamar ɗan firamare. Mun yi shiru ne saboda shi babba ne. Yanzu ba ya nan, ni ne namijin da ya rage a gidanmu, kuma duk abin da aka faɗa a Wunti a kaina yake sauka. Ki mayar da abin nan kwalinsa, ki ɗauki carbi. Ina jiran amsarki.

Ƙanin mijinki,
Mansir

Wunti, Bauchi,
6 ga Maris, 1983

Mansir,

Na amsa gaisuwarka, amin kuma ga addu'arka. An yi addu'ar arba'in lafiya, gida ya cika. Lafiyata ƙalau, sai idon hagu da yake ɗan yi mini ruwa. Ka sa a shafa maka man zafi a bayan, ka gaishe mini da Ruƙayyatu da yara.

To, sannu namijin da ya rage. Shekarar da aka kawo ni gidan nan, ni na tsugunar da kai a bakin rijiya na wanke maka ƙwarƙwata da sabulun salo kana ta kururuwa, yau kai ne mai aiko mini da doka daga bakin teku. Carbina yana wuyan hannuna, ban ajiye shi ba. Na kuma tambayi liman ta bayan labule. Takaba ta hana ni fita, ta hana ni kwalli da lalle da turare. Ba ta hana ni aikin hannu ba. Da ɗinkin hulata na ɗauko da ba wanda zai ɗaga kai.

Tun da ka kira shi abin wasa, bari in gaya maka abin da yake. Jirgin ruwan yaƙin Japanawa ne, irin wanda jiragen sama suke sauka a doronsa su kuma tashi. Tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Gutsattsarinsa sun haura ɗari huɗu, kowanne da lambarsa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Takardar bayanin da rubutun Japanawa take, ba mai iya karanta ta a Bauchi, sai dai a bi hoto da lamba. Kowane gutsure sai an yanko shi daga reshensa, a kankare bakin, a gwada shi ba gam a ga ya zauna, sannan a ɗiga gam da tsinin allura, a ɗora shi da matsefata. In gam ya yi yawa sai ya cinye robar, in hannu ya motsa kafin ya kama sai a sake daga farko. Shi ya sa na ce wa matar liman ta dakata. Ta dakata kuwa, har ta matso tana leƙe. Wuƙar Hajja kuma ta fi rezar yayanka kaifi, ka miƙa mata godiyata.

An gama gangar jikin, an ɗora doron. Saura bindigogin gefe, da hasumiyar da ake tuƙi daga cikinta, da ƙananan jiragen sama ashirin da ɗaya, da fenti, da igiyoyi. Ka sani, na sani, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ranar da na fita takaba zan kwashe kayana in koma gidanmu na Zungur, ku yi yadda za ku yi da gidanku. Kwana tamanin da 'yan kai suka rage mini a ɗakin nan, kuma a kan teburin da aka fara jirgin nan zan gama shi.

Tun da a tashar jiragen ruwa kake aiki, yi mini amfani. Aiko mini da fenti ruwan toka, ƙaramin gwangwani, na nan ya daskare. Sannan ka je ka tsaya gaban jirgi na gaske, ka duba mini inda tsatsa take zubowa a jikinsa da irin launinta. Ni ruwan da na sani bai wuce na rafin Zungur da damina ba.

Yayarka,
Saudatu

Fatakwal,
9 ga Maris, 1983

Yaya Saudatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu nan ƙalau.

Kwana goma sha shida ke nan da wasiƙata, ko layi ɗaya ban gani daga gare ki ba. Ɗanlarai ya zo jiya hannu rabbana. Labarin da ya kawo shi ne yanzu har 'yan kallo kike tarawa, matan unguwa suna shiga da sunan gaisuwa su zauna kallon jirgi. Ɗakin takabar yayana ya zama gidan silima. Na yi miki magana cikin girmamawa, kin mayar da ni kamar ban isa a ba ni amsa ba. To, shi ke nan. Na rubuta wa Hajja ta je ta ɗauke abin nan daga ɗakin, ta ajiye shi a wurinta har ki fita. Kada ki ga laifinta, umurnina ne.

Mansir

Wunti, Bauchi,
24 ga Maris, 1983

Mansir,

Ina gaishe ka saboda tarbiyyar da aka yi mini, ba don ka cancanta ba. Ina fata yara suna lafiya. Ni ba ni da lafiya, kuma kai ne sanadi.

Na ba ka amsa ta gidan waya tun shida ga wata. Ba ka jira ba. Ranar Juma'a da hantsi Hajja ta shigo da mata biyu, ina tsakiyar ɗora bindiga ta tara. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Saude, ba ni ba ne, Mansir ne ya aiko. Takarda ga shi nan." Ta sunkuci jirgin da tiren da yake kai, ta yafa masa zane kamar mai kai tuwon biki, ta kama hanya. Na bi ta har zaure ina roƙo. Ni da ban taɓa roƙon Hajja ko gishiri ba. Ƙafata ɗaya tana kan dokin ƙofa ta juyo ta ce, "In kin isa ki fito." Na tsaya a nan ina kallonta har ta sha kwana. Kun san ba zan iya fita ba, da wannan kuka ci ni.

Yanzu ka saurara, zan faɗa maka abin da ban yi niyyar faɗa wa kowa ba. Shekara uku ke nan hannun yayanka yana rawa. Kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka, shi ya sa ba ya sha a gaban baƙi. Da ya fara jirgin nan ni na fi kowa tsanarsa. Ya ɗauke mini tiren aurena, ɗaki ya cika da warin gam, ina shara ina tsintar 'yan robobi a cikin tsintsiya. Wata rana bayan la'asar na same shi ya yi ta fama da wani gutsure yana kuɓuce masa, har hawaye ya taru a idonsa. Na karɓi matsefatar na ɗora masa. Tun daga ranar haka muke yi. Shi ya nemo lamba a takarda ya riƙe gangar jikin, ni in yanka in manna. In abokansa suka zo suna yaba lafiyar hannunsa, ina daga ɗaki ina ji, ban taɓa cewa uffan ba.

Shekara ashirin da shida muna aure, hirarmu ba ta wuce ta cefane da ta wanda ya rasu a unguwa. A kan jirgin nan na san ashe yayanka yana da dariya. A nan ya ba ni labarin wani tsoho a masana'antar da ya yi kwas a Japan, wanda ya yi aiki a irin wannan jirgin yana saurayi, abokansa duk suka tafi ƙarƙashin ruwa da shi. Tsohon ne ya kai shi kantin da ya saye shi. Ku kuna ganin abin wasa. Ni la'asar ɗina nake gani, kuma tun ranar Juma'a in an yi sallar la'asar ban san inda zan sa hannuna ba. Ina kewarsa, Mansir, kuma ina jin haushinka ƙwarai.

Ka rubuta wa Hajja ta dawo mini da shi. Kwana sittin da biyar suka rage.

Saudatu

Fatakwal,
8 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fata idon ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya fara ba ƙaƙƙautawa.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso mini, ta shida ga Maris ambulan ɗinta duk ya jiƙe ya bushe, ban san inda ta yi wata guda tana yawo ba. Na karanta su a tsaye a ofis, sai da na nemi kujera. Wallahi ban san hannun Yaya yana rawa ba. Kunya ta ishe ni. Na ba Ɗanlarai takarda zuwa ga Hajja, na ce kada ya sauke kayan kowa sai ya ga jirgin ya koma ɗakinki. Fentin yana hannunsa. Amma ke ma, Yaya, da kin faɗi wannan tun farko da ba a kai nan ba.

Na je na duba miki jirgi. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a tashar nan ban taɓa tsayawa na kalli ɗaya ba, sai da 'yan dako suka fara tambaya ko wani abu na ɓatar. Tsatsa ba ko'ina take ba. Daga ramin da sarƙar anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, take fitowa take zubowa, da ƙarƙashin kowace kafar da ruwa yake fita, ta gangaro siririya kamar inda aka tofa goro a bango. A sama tana da duhu, tana sauka tana dishewa. Launinta ba ja ba ne sosai, ya fi kusa da jar ƙasa. Daidai inda ruwa yake taɓa jikin kuma akwai wani kore-kore mai duhu.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Mansir

Wunti, Bauchi,
21 ga Afrilu, 1983

Mansir,

Na ga saƙonka, na ga fenti. Ido da sauƙi. Zafi kuwa a Bauchi bana sai wanda ya gani, randa ma ruwan ɗumi take bayarwa.

Jirgi ya dawo. Ka san inda Hajja ta adana shi? A kan kwanon rumfar awakinta, wai don kada jikoki su kai gare shi. Mako huɗu cur, roba, a kan kwano, a ranar bazara. Da na yaye zanen sai da na zauna a ƙasa. Doron da muka yi wata biyu muna daidaitawa ya yi tozo a tsakiya. Ɓangaren bayan jirgin ya karkace hagu. Hasumiya ta sunkuya. Jiragen sama shida da na gama fikafikansu sun zube kamar ganyen da ya yi yaushi. Hajja kuwa tana tsaye a kaina tana jiran godiya. Ta ce, "Kin gani ko, ko ɗan akuya ban bari ya taɓa ba. Ƙura ma bai hau ba." Ita dai ba ta san roba ba sai ta bokiti, kai ne ka aike ta.

Kada ka sake rubuta mini wai da na faɗa tun farko. In faɗi me? In tsaya gaban mata masu gaisuwa in ce mijina ya kasa riƙe allura? Mutumin da ya ɓoye wannan shekara uku, ni zan tona shi bai cika arba'in a ƙasa ba? Kai ma don ka ƙure ni ne ka ji, kuma in na ji shi a bakin wani na san inda ya fito.

Ban zauna kuka ba, ba ni da kwanakin. Na dafa ruwa ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa, na tsoma gangar jikin, na danne doron tsakanin katako biyu, na aza dutsen niƙa a kai ya kwana biyu. Tozon ya kwanta, saura kaɗan. Karkatar bayan ta ƙi. Na matsa mata sai na ji ƙas, ta tsage tsawon ɗan yatsa, dole na ƙyale ta na cike tsagar da gam da garin robar da na kankare. Haka zai zauna.

Bayanin tsatsarka ya yi kyau, wannan kam ban hana ka ba. Ashe in aka matsa maka kana gani.

Saudatu

Fatakwal,
9 ga Mayu, 1983

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata zafi ya sassauta. Yara suna tambayarki.

Albishirinki. Tun da na karanta wasiƙarki ban huta ba. Abokin aikina Amos ya san wani kanti a Legas da Turawa suke sayen irin waɗannan abubuwa. Na kwatanta masa hoton da ke bayan kwalin Yaya, ya je ya samo irinsa sak, sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ga shi nan Ɗanlarai zai kawo miki. Ki jefar da wancan karkataccen, ki fara wannan hankali kwance. In kwanaki ba su isa ba ki ƙarasa a Zungur, ai duk ɗaya ne. Ni na ɓata, ni na gyara.

Ƙaninki,
Mansir

Zungur,
2 ga Yuni, 1983

Mansir,

Gaisuwa daga Zungur. Na fita takaba ranar Asabar, an yi wanka, an yi sadaka. Na iso gida lafiya, an yi shuka, gari ya yi sanyi. Ka gaishe da Ruƙayyatu.

Kwalinka yana hannun Ɗanlarai yadda ka aiko shi, ban ɓare ledar ba. Na ɗauka wasiƙarka ta farko ce ta fi ɓata mini rai, ashe akwai wadda ta fi ta. In jefar? Duk ɗaya ne? Haka kuke gyara abu a Fatakwal?

Na gama jirgina saura kwana biyu in fita, a kan teburinsa. Na shafa fentinka sau biyu, na sirka shi da kananzir don kada ya rufe layukan doron. Tsatsar da jar ƙasa na yi ta, na niƙe ta lilis na gauraya da fenti, na ja ta da gashin burushi uku daga ramin anga zuwa ƙasa yadda ka faɗa. Igiyoyin da zaren hula na yi su, kowane zare na tsaga shi uku. Jajayen ɗigon da ke fikafikan jiragen sama a ruwa ake jiƙa su su saki takarda, guda tamanin da huɗu, biyu suka yage. Jirage goma sha biyar suna jere a doron. Shidan da rana ta narkar ma na ɗora su a baya, inda ya karkace, ban ga dalilin ɓoye su ba.

A gefen hagu, ƙarƙashin hasumiya, akwai inda hannun yayanka ya taɓa kuɓucewa ya damƙi jikin gam bai bushe ba. Shatin babban yatsansa ya zauna a robar, layi-layi. Da na zo fenti na kewaye wurin. Je ka tambayi Amos ko kantin Legas suna sayar da mai wannan.

Hajja ta zo taya ni ɗaure kaya. Ta tsaya gaban teburin tana kallon jirgin, sannan ta ce, "Duk Ya'u ne ya yi wannan?" Na ce shi ne. Ta goge ido da gefen mayafi, ta je ta samo tsumma ta naɗa gammo a kan tiren don kada ya zame. A gaban a-kori-kura na zauna da shi a cinyata tun daga Wunti har nan, duk ramin da muka faɗa ina riƙe da numfashina. Ba abin da ya karye.

Na yafe maka, amma haushin bai gama fita ba, kada ka yi saurin murna. Kwalin kuwa naka ne. Kai da ka ce aikin ɗan firamare ne, buɗe ka haɗa mu gani.

Yayarka,
Saudatu

Fatakwal,
27 ga Yuni, 1983

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya kai ladan kabarin Yaya. Mu nan lafiya.

Kwalin ya yi mako biyu a kan kabad ina hararsa. Jiya Lahadi bayan la'asar na buɗe shi. Kafin a kira magariba na karya gutsure biyu, na ɓatar da ɗaya a ƙarƙashin kujera, gam ya haɗe mini yatsu. Hannuna kuwa lafiyarsa ƙalau, ba ya rawa.

Sau tara na zo Bauchi a shekara ukun nan, na ƙirga. Kowane zuwa ina samun Yaya a gaban teburin nan, in gaishe shi daga tsaye in wuce zaure wurin mutane. Ban taɓa jawo kujera na zauna kusa da shi ba.

Yaya, lamba ta goma sha huɗu, kafin a rufe gangar jikin ake sa ta, ko bayan an rufe? Hoton bai nuna ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ƙaninki,
Mansir